Yadda Muka Kai Shanu Kwatano a Cikin Jaka

Tun da muka dawo daga Kwatano ban huta ba. Wanda ya zo shagona yin fotokwafi sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "To Nafi'u, ba mu labari." A ƙofar masallaci haka, wurin mai shayi haka. Har labarin ya fara canja kama a bakin mutane, don shekaranjiya wani ya tare ni yana tambaya wai da gaske ne an kama mu a boda da shanun sumoga. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ci gaba da aikina.

Mu biyu muka yi tafiyar, ni da abokina Bello. Ni ɗan Batsari ne, gonarmu tana Karare. Shi Bafulatani ne daga Babban Duhu ta ƙasar Safana. A makaranta muka haɗu a Katsina, ni ina koyon kwamfuta, shi kuma duk takardar da ta faɗa hannunsa sai ya zana mata saniya. Daga tsokanar juna muka ƙirƙiri wani ɗan gem na kwamfuta, muka sa masa suna Garke. Mai wasa zai kora shanu daga ruga ya bi burtali har mashaya, in suka shiga gonar dawa ya faɗi. Bello ya yi zanen, ni na rubuta umarnin da ke motsa su. Gonakin kuwa ni na jera su, na kuma matse burtalin da gangan, abin da har yau Bello bai yafe mini ba.

Matsalarmu inji ce. Kowane gem ana ɗora shi ne kan wata manhaja da ake kira inji, kamar yadda ake ɗora bodi kan injin mota. Namu tsohon yayi ne, na kyauta, wanda ya yi shi ya daɗe da watsar da shi, kuma ba ya aiki a waya. To a Batsari wa ke da kwamfuta? Waya ce a hannun kowa. Sai ya zama gem ɗin shanu ne amma ba makiyayin da ya taɓa buga shi, yana zaune cikin tsohuwar kwamfutata ta cinya wadda batirinta ya mutu, murfinta ma da salatif yake riƙe. Ran da ta cika, shi ke nan.

A wani zauren intanet na masu yin gem don sha'awa na yi kukana. Wata mata daga Kwatano mai suna Rozin ta amsa, ta ce suna shirya haɗuwa ta 'yan kwanaki, kowa ya kawo tsohon gem ɗinsa a taru a mayar da shi sabon inji mai aiki a waya. Ta ce mu zo.

Da sassafe muka bar Batsari, don hanyar nan tamu kowa ya san ba a yi mata yamma. Inna ta cika mana leda da ƙuliƙuli da dakuwa, tana ta tambaya ko can ma Musulmi ne. Bello ya rungume jakar kwamfutar a ƙirji kamar jinjiri, duk ramin da mota ta faɗa sai ya yi salati a madadinta. A Katsina muka shiga doguwar bas ta Legas.

A nan Allah ya haɗa mu da Hajiya Talatu, wata 'yar kasuwa mai saro atamfa, wadda ta ce ta fara zuwa Kwatano tun ba a haife mu ba. Kujerarta na gefen tamu. Kafin mu kai Funtuwa ta san sunan iyayenmu, ta san ba mu yi aure ba, ta kuma raba mu da rabin dakuwar Inna.

"To 'ya'yana, me za ku saro?"

"Hajiya, ba saye za mu ba. Gem za mu kai a gyara."

"Gyam?"

"Wasan kwamfuta, Hajiya."

Ta dube mu sama da ƙasa. "Ku ƙetare ƙasa guda don wasa. Kai, zamani! To Allah ya ba da sa'a. Amma in kun dawo ku riƙo ko turmi biyu ne, kada a ce kun je Kwatano kun dawo hannu na dukan cinya."

Dariya muka yi, amma ba don ita ba da mun sha wuya. Ita ta fitar da mu daga hayaniyar Legas, inda kwandasta ke kiran sunan unguwa kamar yana faɗa da ita, ta sa mu a motar Seme, ta kuma ce masauki ba damuwarmu ba ce.

Yanzu ga maganar boda, ku saurara da kyau. Mun nuna takardunmu da katin rigakafi, an buga hatimi lafiya. Sai wani jami'i mai fara'a ya nuna jakar ya tambaye mu da Turanci me ke cikin kwamfutar. Ni na buɗe baki zan yi bayani, Bello ya riga ni.

"Shanu ne, yallaɓai."

Mutumin ya ajiye biro. Ya ce shanu nawa, suna ina, ina takardar likitan dabbobi? Ya ɗauka dillalai ne mu, garken yana baya a tirela. Na yi ta rantsuwa, ya ce a kunna ya gani. Na ce sai da wuta. Aka cire fankar ofis aka jona mana. Da shanun suka bayyana suna kaɗa wutsiya, sai ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa, ya ja kujera ya ce a nuna masa madannan. Sau uku yana kora su, sau uku suna cinye dawar mutane. Hajiya Talatu na bakin ƙofa tana cewa, "Yallaɓai, in ka gama kiwon a sallame mu, zafi ake." Iyakar kamun da aka yi mana ke nan.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Kwatano shi ne 'yan acaɓa. Zam suke kiran su, duk da riguna ruwan ɗorawa, in danja ta tsayar da su sai ka ce gonar da ta yi fure. Mata ma na tuƙa babur abinsu, da jaka a kafaɗa da takalmi mai tsini, ba wanda ya waiwaya. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi, na ɗauka man gyaɗa ne har na yaba wa ƙasar da arha.

Hajiya ta kai mu Zango, unguwar Hausawa, gidan wani dattijo Alhaji Mamman, mutumin Sakkwato da ya tsufa a can. Hausarsa garau, sai dai kowace jimla da guntun Faransanci a ciki. Ya ba mu ɗaki a sama. Iskar garin jiƙe take, rigar da na wanke ran da muka sauka ba ta bushe sosai ba har muka taho. Muna ajiye kaya na ɗauko caja zan jona, sai na ga soket ɗin ramuka biyu ne zagayayyu, tawa kuma ƙafa uku ce mai faɗi. Na zauna bakin katifa. Mun yi wannan doguwar tafiya, ga kwamfuta ba batir, ga bango ya ƙi mu.

Na sauka na gaya wa Alhaji. Sai ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da mahaɗan soket.

"Zaɓi, ɗana. Duk ɗan Najeriyar da ya sauka gidan nan da wannan fuskar yake saukowa. Kuma duk wanda ya tafi sai ya manta nasa."

Abinci ma sai da muka koya. Burodinsu dogo ne siriri, Bello ya ce da ya ƙara tauri kaɗan da ya yi kiwo da shi. Akwai akasa, kamar kafa ta masara take amma da tsami, ana ci da miyar tumatir da kifi da barkono mai sa hawaye. Ni na saba da ita da wuri. Bello kuwa ranar da ya ga ƙaguwa a miya da ƙafafuwanta duka, ya ture kwanon ya ce shi ba ya cin abin da ke kallonsa. Ƙuliƙulin Inna ya riƙe shi, har wata safiya muka ci karo da wata mata ɗauke da tire na wani abu ja mulmulalle. Bello ya tsaya cak, ya dubi kitsonta, ya gaishe ta da Fulatanci. Matar ta kusa yar da tiren don murna. Bafulatana ce daga arewacin ƙasar, abin kuma cuku ne na nonon shanu, wagashi suke ce masa, da karan dafi ake rina shi. Suka yi ta hira, wata kalmar su gane, wata su yi dariyar juna. Daga ranar ta san hanyar gidan Alhaji, Bello kuma ya daina rama.

Wurin haɗuwar wani babban ɗaki ne a saman shagon kayan gini, da dogayen tebura da igiyoyin wuta ko'ina. Akwai 'yan garin, akwai mutanen Lome da Akara. Rozin ta fito tarbarmu, 'yar gajeruwa mai tabarau, ta ware hannu ta nufo Bello za ta haɗa kunci da shi, yadda suke gaisawa. Ban taɓa ganin dogon mutum ya ɓuya bayan gajere da sauri haka ba. Ya dafe ƙirji yana sannu daga bayana. Ta gane, ta yi dariya, ita ma ta dafe nata ƙirjin. Kafin a watse duk ɗakin da dafe ƙirji suke gaishe mu.

Ni ma na yi nawa. Su gaisuwarsu kalma ɗaya ce a wuce. Ni kuwa da guntun Turancina na tambaye ta gida, da iyali, da gajiya, da aiki, da su mahaifiya. Ta cire tabarau ta ce, "Wani abu ya faru ne da ban sani ba?" Wani abin mamakin kuma, rana na take tsaka sai kowa ya rufe kwamfuta a tafi cin abinci da hutawa, ko da aiki ya kai wuya. Na ce a Batsari in na rufe shago a wannan lokacin cewa za a yi an yi mini rasuwa.

Aikin kansa ya fi ƙarfin yadda na zata. Na ɗauka kwashewa za a yi a zuba, ashe kusan komai sai an sake rubuta shi da yaren sabon injin. Karon farko da muka gwada, shanun suka zabura kamar an harba su, kafin ka ƙifta ido sun fice daga fuskar kwamfutar. Tsohon injin a hankali yake ƙirga motsi, sabon kuwa ba ya jira. Muka gyara wannan, sai harufanmu masu lanƙwasa suka koma akwatuna, duk inda aka rubuta ƙaho ko ɗan maraƙi sai ka ga rami. Rozin ta nemo mana wani salon rubutu mai ɗauke da su, ta ce su ma yarensu yana da irin wannan fitina.

Wayata ce ta zama alƙali a ɗakin. Ita ce mafi rauni a wurin, ƙarama, fuska a tsage. Rozin ta ɗaga ta sama ta ce duk gem ɗin da ya yi aiki a wannan zai yi a ko'ina. Sai ga mutane masu manyan wayoyi suna layi gabana suna aro. Namu da aka sa mata, ta yi zafi, ta tsaya, ta mutu.

Rozin ta duba ta ce zanen ya yi nauyi, shanun sun yi yawa, kuma kowace da nata hoton. A bar kala uku ko huɗu a riƙa maimaitawa, ba mai ganewa. Ni na ga maganarta daidai ce. Na juya zan fassara wa Bello, sai na ga ya riga ya fahimta, fuskarsa ta canja.

"Ko ɗaya ba za a cire ba."

"Haba Bello, waya ce ba za ta ɗauka ba."

"To a bar shi a kwamfutar."

Na fara jin haushi. Na ce mun zo tun daga Batsari, sai yanzu za ka tsaya kan zane? Sai ya nuna wata farar saniya mai karyayyen ƙahon hagu.

"Wannan Raneye ce. Waccan 'yarta ce. Nafi'u, ka san shekarar da aka kore mana garke. Su ne waɗannan. Ba mu da hotonsu ko ɗaya, daga kaina na zana su. Wacce kake so in cire?"

Na san an yi musu sata, duk yankinmu wa bai san irin wannan ba. Amma shekaru ina motsa shanun nan a kwamfuta ban taɓa tambayar su wane ne ba. Na gaya wa Rozin. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ja kujera ta ce to sai mu nemo nauyin a wani wuri. Muka cire kiɗa, muka rage itatuwa, muka sa duk shanun suka yi tarayya a zanen ƙafafu, kowace kuma ta riƙe jikinta da ƙahonta. Wani ɗan Gana mai suna Kofi ya nuna mana yadda ake matse hotuna ba su lalace ba. Da muka sake gwadawa wayar ta yi ɗumi, amma ta ɗauka. Garken duka ya fito.

Saura abu guda. A kwamfuta da madannai ake kora su, a waya kuwa in ka sa yatsa sai ya rufe shanun. Rozin tana da nata gem na kwalekwale, wanda ake hura makirfon waya iska ta tura shi. Ta ce, "A garinku da me ake juya shanu?" Bello ya ce da murya. Suka dubi juna. Ta ciro wannan ɓangaren daga nata ta ba mu kyauta, muka daidaita shi: in ka ja kira mai tsawo su biyo, in ka yi gajere mai ƙarfi su tsaya.

Ranar nuni aka haska wayata a bango kowa na gani. Bello ya buɗe baki zai yi kira, sai jama'a suka hau tafi. Wayar ta ji tafin, shanun suka watse, rabi suka nufi dawa rabi suka nufi gyaɗa. Aka fashe da dariya, dariyar ta ƙara kora su. Rozin ta hau kan kujera ta sa yatsa a leɓe, ɗakin ya yi tsit. Bello ya lumshe ido ya ja kiran nan na rugarsu. Shanun suka ɗago kai, suka jeru bayan Raneye, suka bi burtali har ruwa. Mutane suka ɗaga hannuwa suna kaɗawa ba sauti, don kada su sake watsa su. Bayan nan kowa sai da ya gwada. Kofi da muryarsa kamar ganga ya tsayar da su wuri guda suka ƙi motsi, ya ce shanun Najeriya ba sa jin Turancin Gana.

Mun yi sallama da Alhaji Mamman, na kuma manta mahaɗin soket ɗin a bango kamar yadda ya faɗa. Turmin atamfa ɗaya na riƙo wa Inna. Kwamfutar kuwa, da muka iso Batsari na jona ta, ko ƙyaftawa ba ta yi ba, har yau. Ban yi baƙin ciki sosai ba. Ranar kasuwa kaɗai na tura Garke a wayoyin da ban san adadinsu ba, daga waya zuwa waya, har da mutanen ƙauyen Darini. Yanzu in ka ji wani na kiran shanu a tashar mota, kada ka waiwaya neman garke.

Bayan mun huta Bello ya ce in raka shi gida. Muka sami mahaifinsa, Baffa, zaune a inuwar wata kanya da hantsi, 'yan shanun da suka sake tarawa na kiwo can nesa. Na durƙusa muka gaisa, gida da gona da gajiyar hanya da mutanen Kwatano, ba wanda ya cire tabarau ya tambaye ni ko lafiya. Sannan Bello ya miƙa masa wayar.

Baffa ya riƙe ta nesa da ido. Ya ƙura wa shanun ciki ido. Sai ya fara nuna su da ɗan yatsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya zo kan mai karyayyen ƙaho ya ce, "A kan dutsen rafi ta karya shi, tana maraƙa." Ya goge ido da bakin rawani.

"Baffa, kira su za ka yi, suna ji," in ji Bello.

Tsohon ya dube shi kamar yana shakka. Ya gyara murya, ya saki kira, ba irin na wasa ba, kira na gaske da ya cika dajin. Wayar ba ta saba da irin wannan ƙarfi ba, shanun ciki suka rikice suka afka gonar dawa, gem ya ƙare. Amma muna ɗaga kai sai ga na waje sun bar ciyawa, suna tahowa a jere, har suka kewaye mu a gindin kanyar, wata ta sa hanci tana shinshinar wayar.

Baffa ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. Ya shafa wuyan saniyar, ya dube ni.

"Nafi'u, kai ka shuka gonakin nan na ciki?"

"Ni ne, Baffa."

"Ka ci burtali da yawa, ɗan manoma. Zauna nan ka buɗa musu hanya, in sake kiran su."